Kwale-kwalen da Ke Kallon Ƙofa

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba a wannan shekarar, na goyo Tsoho Duan daga gidansa zuwa namu, yana zagina a kunne.

"Taka a hankali, jaki. Ubanka ma haka yake tafiya, kamar wanda ya yi sata."

"Ka sake ambaton ubana, Kawu, in sauke ka a kwata."

"Sauke ni mana. Ka ga wanda zai juya muku kwale-kwalen."

Nauyinsa bai kai buhun ƙaiƙayi ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta gaishe shi ba. Lokacin bikin iyayena shi ya zana bangon da ya kewaye gadonmu na bulo, wanda ake hura wa wuta ta ƙasa: furanni, kogi, gada, da kwale-kwale guda da matuƙinsa. Kowa a ƙauyenmu ya san kwale-kwalen zane cikin ɗaki yake fuskanta, don alheri ya shigo. Namu ƙofa yake kallo. An ce kakata ce ta yi ta ɗura wa mai zanen kunun gero maimakon taliya har ya gama aikin, shi kuwa ya rama da buroshi. Babana Baoshan ya tafi haƙar kwal, bai dawo ba. Yayana ya yi kudu. Ni ma tun da na bar makaranta nake cewa birnin Taiyuan zan tafi. Kuma hannun da ya zana shi kaɗai ke gyarawa, in wani ya taɓa abin ƙaruwa yake yi. Shi ya sa da Inna ta ji tsohon ya kwanta ciwo, ta haɗiye fushinta ta yanka kajinta biyu.

Na dire shi a kan gadon. Inna ta ajiye kwanon taliya a gabansa da ƙarfi har romo ya fantsala.

"Ga abinci, Gwani."

"Yau taliya? Kash, matar Baoshan, ai haƙoran sun tafi. Da kunu kika dama da na sha."

"Ci ka yi aikinka."

Bai ci ba. Ya daɗe yana kallon bangon, yana shafa furannin da bayan yatsa.

"Da gangan ka yi?" na tambaye shi.

"Da gangan mana. Da kakarka ta ƙara ruwa a kunun nan, har gadar zan kife." Ya yi tari, ya share baki. "Amma kada ku ɗora wa fenti komai. Wane namiji zai zauna da bakin uwarka?"

Na yunƙura, Inna ta riƙe mini riga.

Sai an kankare man da aka shafe zanen da shi kafin sabon launi ya kama. Ya zaro wata 'yar wuƙa daga ɗamararsa, ya ce in tallafe masa gwiwar hannu. Ya fara daga matuƙin, sannan jikin kwale-kwalen. Gari kore da shuɗi yana zuba a kan tabarma. Wuƙar ta goce sau biyu, ta ci gadar, ta ci wata bishiya.

"Kai ka girgiza ni, ɗan banza."

"Hannunka ne ya mutu kafin kai."

Ya yi dariya har numfashinsa ya sarƙe. Inna ta riga ta narka ƙaro, ta jera launuka a murafan kwalba. Ya tsoma buroshi, ya ɗaga, hannun ya tsaya a rabin hanya. Ya sake gwadawa. Ɗigon baƙi ya faɗo masa a wando.

"Gobe," ya ce.

"Yau, Gwani." Inna ta durƙusa a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba. "Layi biyu ne kawai. Yaron nan kaɗai ya rage mini."

"Na ce gobe, mace."

Na mai da shi gida. Har muka isa bai zage ni ba ko sau ɗaya.

Da safe kukan 'yar ƙanensa ya tsallako katanga. Inna tana tsakar gida da tsintsiya, ta tsaya tana saurare.

"Mugu," ta ce. "Ko mutuwarsa sai da ya cuce ni da ita."

Ba ta je gaisuwa ba. Matan unguwa suka yi ta shigowa ganin bangon, wannan ta ce ai an karya abin tun da kwale-kwalen ya ɓace, waccan ta ce a'a, ya fita ke nan gaba ɗaya. Inna ta juyo gare ni.

"Kai me ka gani, Jinhu?"

"Farar ƙasa na gani, Inna."

Bayan an binne shi na ɗaure kayana. Abin da muka rasa ba shi da wuyar ƙirgawa: kaji biyu, kwale-kwale ɗaya da matuƙinsa, rabin gada, bishiya guda. Na tsaya a bakin ƙofa na yi mata sallama. Tana zaune a kan gadon tana ɓare masara, fuskarta na kallon wurin da aka kankare, ba ta waiwayo ba.