Faifan Léonce

Ihun macen ya sake ratso bango ina tsaka da tsoma burodi a kofi. Na ɗauki shebur ɗin kwal, na fita da silifas, na doki ƙofar maƙwabcina Léonce da ƙafa.

Nadège ce ta buɗe, 'yar ƙanwarsa da ta zo jinyarsa daga birnin Lille, hannunta duk kumfa.

"Baba Zénon, lafiya da shebur?"

"Wa ake yankawa a gidan nan?"

"Fim ne fa."

"Fim! Ƙarfe goman safe?"

Na raɓa ta na shige. Léonce na kishingiɗe a kujera, robar iska a hanci, ya kafa wa talabijin ido. Wasu samari da 'yan mata ne suka maƙale a ramin kwal, wani abu yana jan su cikin duhu ɗaya bayan ɗaya. Léonce ko kallona bai yi ba.

"Matsa, tsohon banza, ka tare min."

Ni na san rami. Ranar da rami na huɗu ya rufta mu tara muka shiga, mu biyu muka fito, shi ma Léoncen a bayana na goyo shi. Kwana uku ina lasar ruwan dutse, da na fito giya na fara nema. Ban taɓa zama a aji ba, amma ina jin kukan katako kafin ya karye, haka kuma nake jin mutum kafin ya yi mugunta.

To ku duba. Ƙurar kwal ta cinye huhun Léonce, likita ya ce zuciyarsa ba ta son firgita. Sai ga yarinyar da ta shekara goma sha biyu ba ta leƙo shi ba tana kunna masa wannan abu safe da yamma. Na kuma gan ta da idona tana auna tagar ɗakin sama da igiyar awo, kamar ta riga ta gaji gidan. Ai ba sai an sa wa mutum guba ba.

Ranar Talata na shiga gidansu shan kofi. Léonce ya yi gyangyaɗi, ita tana shanya a baya. Na danna maɓalli, injin kunna fim ya turo harshe, na sa faifan fim ɗin a aljihu. Ban jefar ba, ni ba na ɓarna. Duk unguwarmu idan 'ya'yan itacen ceri suka fara ja, tsoffin faifai muke ratayewa a bishiya, walƙiyarsu na korar tsuntsaye. Nawa shida ne, na zura wa wannan zare ya zama na bakwai.

Kwana uku bango ya yi tsit. Na ce wa kaina, Zénon, sau biyu ke nan ka fito da shi daga rami.

Ranar Juma'a Nadège ta tsaya a shingen lambuna, ta harɗe hannu.

"Baba, ranar Talata kai kaɗai ka shigo mana."

"Sai me? An hana shiga ne?"

"Faifan Kawu ya ɓata."

"Ki duba jakarki. 'Yan birni ba ku san inda kuke ajiya ba."

Ta daɗe tana kallona, ni ma ban ƙifta ba. Faifan na juyi a saman kanta, taku biyar, ba ta ɗaga kai ba.

"Ya daina cin abinci. Na sa a aiko wani, sun ce sai mako mai zuwa. Likita ya ce ba zai kai ba."

Wannan ma na ɗauka dabara ce. Na dai bi ta.

An mayar da shi gado a falo. Ya yi ƙanƙani kamar an wanke shi ya ƙanƙance. Na zauna na ce, "Kai, rago. Don an rasa fim ɗin dodanni za ka mutu? Mu da muka ga na gaske?"

"Ghislaine na ciki," ya ce.

Ghislaine matarsa ce, shekara takwas da binne ta.

"Ka tuna masu fim da suka zo tsohon ramin, suna ɗaukar mutanen gari suna shafa musu laka?"

"Na tuna. Ni ma sun roƙe ni, na kore su."

"Ba su roƙe ka ba." Ya yi tari mai tsawo. "Ita ta je. Ta ce kar ka ji, don bakinka. Bayan an cinye mai jan gashi, dodanni na fitowa daga lungu da fitila. Ta uku, ta ƙarshe, ita ce. Fuskar duk laka, amma tafiyar... ka san yadda take jan ƙafar hagu. Hotuna ina da su, Zénon. Ba sa tafiya."

Na miƙe na nufi bishiyata. Shekarata tamanin da ɗaya, na hau tsani har mataki na ƙarshe, ku nemo min saurayin da zai yi haka ba wanda ya riƙe masa. Rana ta kashe min ido, rubutun kansu kuma ni duk ɗaya ne a wurina, sai na tsinko su duka bakwai na zuba a bokiti.

Na ajiye bokitin a gaban Nadège. Ta dubi zaren, ta dubi ganyen da ke kafaɗata.

"A bishiya, Baba?"

"Iska ce ta kai shi."

Ta zaro shi, ta hura, ta goge da rigarta. Kwana uku yana gugar rassa, duk ya yi zane. Injin ya haɗiye shi, ya yi gurnani, hoto ya zo. Ta ce za ta tsallaka zuwa wurin, Léonce ya ɗaga yatsa. Bai taɓa tsallakewa ba, wai ba a yi wa mace gaggawa.

Muka zauna. Hoton na rawa, yana yankewa, yana dawowa. Aka cinye na farko. Aka cinye mai jan gashi. Aka nuna bakin lungu, hasken fitila ya fara tahowa a jikin bango. Nan hoton ya tsaya cak.

Nadège ta danna, ta sake dannawa. Ta juyo ta yi min wani kallo, ta kai hannu za ta fitar da shi.

"Bar shi," in ji Léonce. "Ga ta nan. Kullum ita ce a baya."

Na gyara masa matashi don ya ga da kyau. Ban san lokacin da numfashin ya ɗauke ba, ni da nake jin katako. Nadège ce ta tashi ta rufe tukunyar iska, ta dawo ta zauna a ɗaya gefen gadon. Ba wanda ya taɓa talabijin. Lungun na nan wayam, da ɗan haske rawaya a jikin bango.