Sanarwar Rasuwar Torab Ali

Torab Ali ya rasu da hantsi, aka sa jana'iza bayan la'asar, aka ɗora wa Mojibor zaga ƙauyuka shida da lasifika. Shi ya jawo wa kansa. Wata biyu ke nan yana cika kunnen mutanen shagon shayi da labarin sabon injin kekensa mai ƙafa uku mai baturi.

Ranar da aka ɗaura injin, bakanike ya gaya masa: "Baturinka na amfiya ɗari ne. Tsohon injin ashirin yake zuƙa, awa biyar ke nan. Wannan arba'in yake sha. Raba ka gani." Mojibor bai raba ba. Shi gudu ya zo saya.

A kujerar baya ladan Sobhan ne riƙe da makirufo, mutum mai nauyin buhun shinkafa biyu. Ita ma lasifikar a jikin baturin take sha.

Suna fita daga ƙauye na biyar, a tsakiyar gonakin shinkafa, fitilar caji ta koma ja. Saura Kaligram, inda Jobeda ƙanwar mamacin take aure. Shekara tara ba ta ɗaga wayar kowa daga gidansu ba, tun rigimar wata bishiyar mangwaro. In ba lasifika ta shiga kunnenta ba, za a binne yayanta ba ta sani ba.

"Ƙanena, jirgin naka ya gaji ne?" in ji ladan.

"Nauyinka ne, Yaya."

"Tsohon injinka ya kai ni Bogura ya dawo da ni, bai taɓa kai ƙarata ba."

Abin da ya rage a baturin ba zai ishi taya da lasifika ba, sai ɗaya. Mojibor ya kashe injin, ya tattare zaninsa, ya sauka ya fara turi. Ladan ya ce gwiwa ba ta barinsa tafiya, ya gyara zama.

A ƙofar gidan Jobeda suka kunna lasifika. Sunan mamaci ya fita, lokacin jana'iza ya fita, sai lasifika ta yi tari ta mutu.

Can sai ga ta ta fito da mayafi, ido jawur, takalmi a hannu. Ba ta gaida kowa ba, ta hau ta zauna gefen ladan.

"Me kake jira, Mojibor?" in ji ta.

Ya dubi rana, ya dubi hanya, mil uku zuwa gidan mamacin. Ya goge zufa, ya sa kafaɗa.