Nonon Zuwairatu

Ƙanwata Zuwairatu ta rasa 'ya'ya biyu tun kafin a yaye su, kuma duk garinmu Wagini an san wadda aka ɗora wa laifi. Hanya ɗaya suka bi su biyun: yaro ya fara zama lafiya lau, sai hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ɗorawa, ya yi ta kuka har rai ya yi halinsa.

Ta haifi na uku shekarar da aka bar sule aka koma naira. Mijinta Salmanu ɗan baffanmu ne, sai uwarsa Hansai ta ce a gwada nonon tukuna. Ta sa aka tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa ciki. Tururuwa ta yi 'yan wutsil-wutsil, ta mutu.

Na ce, "Haba Inna, ko a kunu kika jefa ta ai mutuwa za ta yi!"

Ta ce in rufe mata baki, nono mai dafi ne, ba za ta zuba ido a kashe mata jika na uku ba. Hansai ba muguwa ba ce, tsoro take ji, amma ranar na ji haushinta ƙwarai.

Bayan suna aka kai jaririn, Sada, ƙauyen Darini wajen Tasalla matar ƙanen Salmanu, da yake tana goyo. Zuwairatu ta ɗaure ƙirji da zani, ya kumbura, ta yi zazzaɓi, ta warke. Duk Juma'a sai ta taka zuwa Darini, ta zauna tana kallon wata na shayar da ɗanta. Ko ta karɓe shi, a baya take goya shi don kada ya nemi mama.

Lokacin kaka na wucewa hannun Sada ya kumbura. Hansai ta ce, "Kin ba shi a ɓoye." Zuwairatu ta rantse har da kuka. Salmanu dai ya sa mu a motar kasuwa sai asibitin Katsina.

Aka ɗebi jininsu su uku. Da sakamako ya fito likita ya ce amosanin jini ne.

Ya ce, "Jini ma yana da iri, kamar gero. Can baya, a jikin wani kakanku, irin ya ɗan sauya da kansa, ba aikin kowa ba. Mai ɗauke da guda ɗaya lafiyarsa ƙalau, kamar ku biyun nan. Amma in yaro ya ɗauko ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, sai ƙwayoyin jininsa su riƙa lanƙwashewa suna toshe jijiya."

Salmanu ya ce, "Har da ni ke nan?"

"Rabi naka, rabi nata."

Zuwairatu, wadda ba ta ɗaga ido gaban baƙon namiji, ta ɗago ta ce, "Likita, nonon fa?"

"Me nono ya yi? Shi ma ya fi buƙata yanzu. Ki ba shi."

Wallahi ko bakin ƙofa ba ta kai ba. Nan baranda ta zube cikin mutane, ta kwance goyo, ta sa shi a ƙirji. Sada ya kama. Ya ja, ya sake ja, sannan ya saki ya tsala ihu. Ta juya shi ɗaya ɓangaren, ta matsa da yatsunta.

Ta dube ni ta ce, "Yaya, ya ƙafe."