Idon Shef

Cikin wata takwas mutum biyar suka ajiye aiki a projen noman rani na Jiratawa, kuma babu wanda aka kora. Malam Inusa, wanda kowa ke kira Shef, ba ya korar mutum. Ido kawai yake sa maka har ka tattara takardunka da kanka. Abin da ya fi ci wa ma'aikata rai shi ne, duk maganar da aka yi a mota tsakanin biro, wato ofishinsu na Sabon Gari, da gonaki, ranar Litinin sai a ji ta a bakinsa wajen taro, har da tarin da mai maganar ya yi a tsakiyarta.

Zuliha, mai koyar da mata manoman zogale da albasa, ba ta taɓa kawo wa ranta abin zai zo kanta ba. Tana da abokiyar aiki Dinatu, ƴar Tsibiri, shekara uku suna cin kwano ɗaya a gindin mangwaron bakin kanal. Kuma Shef ya taɓa kiran ta ofis, ya tura ƙofa, ya ce, "Zuliha, duk cikinsu ke ɗai na yarda da ke. Ke ce idona." Gaskiya ta ji daɗi, har ta yi ta murmushi ita kaɗai a hanyar gida. A ranar ya tambaye ta, kamar da wasa, ina Dinatu ke zuwa ran Laraba. Ta ce zumuntar mata a majami'a, ƙarfe huɗu take tashi, amma tana ramawa ran Asabar. A ganinta ba tsegumi ba ne, tambaya aka yi ta ba da amsa.

Wata Alhamis, a mota, ta ce irin albasa ya makara ne saboda takarda ta kwana sati uku a teburin Shef ba sa hannu. Su uku ne: ita, Dinatu, da Hamidu direba, wanda ya ƙure rediyo yana bin waƙa. Litinin Shef ya ce akwai masu yawo da sunansa a kan iri, ya tsayar da ido a kanta.

Daga nan ta shiga lissafin mutane. Hamidu dai waƙa yake ji. To wa ya rage? Ta tuna ta ga Dinatu ta fito daga ofishin Shef ran Juma'a, an rufe ƙofa kafin nan. An ce zato zunubi ne, amma Zuliha ta ɗauki zunubin ta rungume. Ta daina kawo kwano, gaisuwa ta koma ta fatar baki. In Dinatu ta tambaye ta lafiyar yara, sai ta ji kamar bincike ne.

Ba a yi sati biyu ba aka liƙa wa Dinatu takardar gargaɗi a allon sanarwa: barin aiki kafin lokaci duk Laraba. Maganar Asabar ba ta shiga takardar ba. Dinatu ta karanta, ta gama makon, ba ta sake dawowa ba. Ta zama ta shida.

Shef ya aiki Zuliha Tsibiri ta karɓo makullin sito wajen Dinatu. Ta tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa da karɓar makullin, Zuliha ta kasa haƙuri.

"Dinatu, mi na yi miki kika kai maganata?"

Dinatu ta dube ta. "Wace? Ta iri? Ya kira ni ran Juma'a, ya ce ni ɗai ya yarda da ni, ni ce idonai. Na ce mishi idona biyu ne, kuma duk ina amfani da su. Ki tambayi Hamidu, shi ma an ce mishi hakanan. Har mai gadi."

Kunya ta kama Zuliha, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta zauna a bakin turmi, ta daɗe tana juya makullin.

"Maganar Laraba," ta ce da ƙyar, "ni ce."

"Na sani." Dinatu ba ta bar ɓarar ba. "Shi da bakinai ya hwaɗa mini, don in rama. Sati biyu ina zuwa da kwanona gindin mangwaro, ina jira ki hwaɗa mini da kanki."

Ta tashi ta raka Zuliha har ƙofar gida, kamar yadda ake raka baƙo.