Juyi Talatin da Uku

Ranar goma sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2018, garmahon Jan Biro ya tsaya cak a tsakiyar waƙa, bayan hidimar shekara arba'in da huɗu. A ranar, faya-fayan da ke jere a kantar falonsa ɗari uku ne da ashirin da bakwai. Jan Biro laƙabi ne da ma'aikatan maɗaba'a suka manna masa, domin aikinsa shi ne duba kurakurai kafin a buga littafi, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa jin ko waƙafi ɗaya ya tsere masa ba.

Faya-fayan nan ba irin waɗanda gidajen rediyo ke sakawa ba ne. Akwai bulus, kukan jikokin bayi na hayin teku, sau da yawa mutum ɗaya da jitarsa. Akwai rokabili na shekarun 1950, mai gudu kamar an biyo shi da sanda. Akwai kuma kiɗan gareji, na samarin shekarun 1960 da suka yi ɗauka a ɗakin ajiye mota, suka buga 'yan kwafi, suka watse ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Ɗaya bayan ɗaya ya tsinto su a shagunan gwanjo, a ƙarƙashin tsofaffin jaridu da fitilun da suka mutu. Ƙanin matarsa, wani tela mai baki, yakan ce sunan kiɗan ya dace da mai shi, tun da rabinsu a bulus ya samo su, masu shagon na neman wanda zai raba su da shara.

A cikinsu akwai wani babban faifai da ruwa ya cinye takardar tsakiyarsa, ba suna, ba shekara. Jan Biro ya san ƙa'ida sarai: tun 1948 da aka fara buga manyan faya-fayai, a juyi talatin da uku cikin minti ake sa su, ƙananan kuma da suka biyo baya da shekara guda, a arba'in da biyar. Saboda haka ranar da ya kawo shi gida, yana sabon ango, ya ɗora shi a talatin da uku. Sai ga muryar wani dattijo, mai kauri, mai jan kalma kamar yana ɗauke da buhu, yana roƙon a bar masa ƙofa a buɗe, yana nan tafe.

Matarsa ba ta taɓa son kiɗan mijinta ba. Na gareji ma cewa take yi an zuba cokula a gwangwani. Amma wannan ya tsayar da ita a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta tambayi abin da yake cewa, ya fassara mata, ta ce Allah sarki, ta raɗa masa suna Tsoho. Daga nan abin ya zama tsarin gidan: Malam, kamar yadda take kiran mijin, ya dawo daga maɗaba'a, ya cire takalmi, ya sa Tsoho, ita kuma ta jera abinci. 'Ya'yansu sun taso da sanin cewa in Tsoho ya fara roƙo, a je a wanke hannu.

Da ciwon mantuwa ya kama ta, kaɗan-kaɗan ya yi ta kwasar abin da ke kanta. Sunayen jikoki ne suka fara tafiya, sannan na 'ya'ya, sannan hanyar banɗaki, daga baya har yunwa ta daina ganewa. Abu ɗaya ya rage. In Tsoho ya ɗaga murya, sai ta miƙe, ta nufi famfo, ta dawo ta zauna a gaban tebur. In ba haka ba, ko an kai cokali bakinta sai ta datse haƙora, ta kawar da kai kamar yarinyar da baƙo ya miƙa wa abu.

To, wannan ne abin da ya tsaya ranar da garmahon ya tsaya. Mai gyara ya buɗe shi ya ce injin ya ƙone, kuma irinsa an daɗe da daina yi. Autarsu, wadda ta dawo gidan da zama don jinyar uwar, ta shiga neman sabo. Kafin a samu, tsohuwar ba abin da ke shiga cikinta sai 'yan kurɓin shayi. Zoben da ke yatsanta ya fara juyawa da kansa. Jan Biro ya gwada rera waƙar da bakinsa, ta dube shi kamar yadda ake duban mai talla.

Ranar da Auta ta shigo da sabon garmaho, tela ma yana gidan, ya zo duba yayarsa. Tsakar rana ce, abinci na kan tebur a rufe. Jan Biro ya goge faifan da ƙyallensa, ya ɗora, ya sauke allura ba tare da ya dubi maɓallin gudu ba. Ashe a kan arba'in da biyar aka kawo garmahon.

Muryar wata yarinya ce ta cika falon, siririya, cike da dariya, ganga da jita suna tsere a bayanta. Auta ta ce an ɗauko wani faifan ne. Ya kai hannu zai ɗage allurar, sai ya ji kalmomin: a bar mata ƙofa a buɗe, tana nan tafe. Ba wani gajiyayye ba ne ke roƙon hanyar gida. Budurwa ce za ta saci jiki zuwa wajen rawa, tana gaya wa ƙanwarta kada ta sa sakata. Kuma kunnensa, wanda ya sha kiɗa shekara da shekaru, ya gaya masa abin da ba ya son ji: a nan ne kowane bugun ganga ya faɗa a gurbinsa. Ya ɗauko gilashin ƙara girma na aikinsa na da, ya karkata faifan wajen taga. Can kusa da ramin tsakiya, an karce lamba ƙarama kamar ƙwayar gero: 45.

Tela ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe Tsohon naku ko gemu bai yi ba. Jan Biro, wannan fa ya wuce waƙafi, babi guda ne ya tsere maka."

Abin da ke cin ran Jan Biro ba zolayar ba ce. Mutum ne da ya yi imani cewa kuskure, in an gano shi, ba a mayar da shi cikin shafi. Ya ce wa Auta waƙar ai ita ce dai, kalmomin su ne, uwarta za ta gane ta a yadda masu ita suka yi ta. Ya sake sa ta a arba'in da biyar. Tsohuwar ta toshe kunnuwa, ta tambayi wane ne ya bar yara suna ɓarna. Washegari ya sake, ya rage ƙara, ya zauna kusa da ita yana bin kalmomin a hankali. Ta juya fuska ga bango. Abincin ya huce, aka mayar kicin.

Auta ba ta saba ɗaga wa ubanta ido ba. A rana ta uku ta tsaya a gabansa da farantin a hannu, ta ce a hankali, "Baba, Umma ba littafi ba ce. Ba gyara take jira ba."

Ya kai hannu ga maɓallin. Sannan ya murɗa shi zuwa talatin da uku, ya sauke allura.

Tsohuwar ta ɗago kai tun kafin a gama layin farko. "Tsoho ya zo," in ji ta. Ta dafa hannun kujera ta miƙe, Auta na tallafe da ita, ta je famfo, ta dawo ta zauna. Ta ci. Jan Biro yana gefenta yana kallon cokalin na hawa yana sauka, amma shi Tsohon ya ɓace masa. Duk yadda ya kasa kunne, yarinyar yake ji, an riƙe mata ƙafa ana ja, dariyarta ta koma nishi.

Can tsohuwar ta ajiye cokali, ta dubi ƙofar falo, sannan ta juyo gare shi cikin ladabin da take yi wa baƙi.

"Bawan Allah, don Allah ɗan buɗe ƙofar nan. Malam ya tashi daga aiki, yana hanya."

Tela, wanda ya shigo da wata sabuwar zolaya a bakinsa, ya haɗiye ta ya sunkuyar da kai. Jan Biro ya tashi, ya buɗe ƙofar, ya sa takalminsa ɗaya ya tokare ta don kada iska ta rufe, ya dawo ya zauna.

Ta rayu har zuwa watan Nuwamba na shekarar 2019, tana cin abinci kullum a kan wannan waƙa, da ƙofa a buɗe. Bayan rasuwarta ya ci gaba da sauraron sauran faya-fayan ɗari uku da ashirin da shida. Wannan ɗayan bai sake ɗora shi ba, a kan kowane gudu.