Dawar Gwadabe Tana Tsaye

Shekarar da ruwa ya cinye burtalin gabashin Aujara, Malam Gwadabe yana kwance da karaya a cinya, dawarsa kuwa ta nuna tana tsaye a gona. Kowa ya girbe ya kai rumbu, sai shi. Ga shanun Arɗo Mika'ilu sun sauka a bakin fadama, ba su da hanyar wucewa sai ta gonarsa.

A lokacin kwamitin sulhu ya sa wa kowane ɓangare wakili a cikin waya, na'ura mai magana, ita ke daidaitawa da 'yar'uwarta a madadin mutane, don kada a haɗu ido da ido zuciya ta ɗebi wani. Gwadabe bai yarda da abin ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ya umarci wakilinsa ya nemi a tsare shanun sai ya miƙe, ya kuma gaya wa wakilin Arɗo cewa akwai samarinsa majiya ƙarfi suna gadin gonar. Wakilin ya amsa da ladabi cewa zai tsaya masa iya ƙarfinsa, amma ƙarya ba zai yi ba. Ya ce na Arɗo ma bai ɓoye nasa ciwon ba: shanu sun rame, maruƙa sun fara faɗuwa. Ya nemi izini ya faɗi maganar karayar.

Gwadabe ya ce a ransa: Wa ke gaya wa kura garke ba kare? Abincin shekara ke nan tsaye a fili.

Matarsa Bilki tana tankaɗe a bakin ƙofa. "Malam, samarin nan naka, ni na haife su ko wata? Arɗo fa ba makaho ba ne."

Daga ƙarshe Gwadabe ya ce wa wakilin ya faɗa. Yana rufe baki ya so ya janye, amma magana zarar bunu ce. Tsoro ya sa ya kashe wayar, ya tura ta ƙarƙashin tabarma.

Washegari da hantsi Bilki ta dawo daga rijiya a guje, ba tulu. Ta ga Fulani sun nufi gonar, kowa da adda, shanu na biye. Gwadabe ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Yana salati, ya laluɓo wayar ya kunna.

"Baba, tun jiya nake nemanka," in ji wakilin. "Za su sare maka dawar, su yanke, su ɗaure dammuna. Kai ka bar wa shanu kara. Suna bakin gona, ba su taɓa ko ganye ba. Ban amsa musu ba, gonar taka ce."

Gwadabe ya kai wayar bakinsa.

"Na sallama," ya ce. "Bilki, nemo mini amalanke. A gabana za a ɗaure."