Koren Ɗakin Likitan Haƙori

Malama ta dawo daga wurin likitan haƙori da auduga a baki, ta tsaya tsakiyar falo tana kallon bango.

"Baban yara," ta ce wa mijinta, maganar na fita da ƙyar, "fenti za mu canja. Na ga kore."

Shi tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki, ba ya son abin da zai raba shi da kujerarsa. "Kore dai? Ga shi can a shago bokiti-bokiti."

"Ba irin wannan ba."

Ashe wani zane ne rataye a ɗakin likitan, daidai inda mai jinya ke fuskanta: tafki da bishiyoyi, kore a kan kore, wani mai duhu, wani kamar an jiƙa shi. Ta ce tana kallonsa har aka cire haƙorin ba ta sani ba. Ta ɗauki hotonsa a waya, amma a wayar ya fito kamar bayan kwaɗo.

Washegari ta karɓo katunan launi daga shagon fenti, ta damƙa masa. Ita tana da aji, shi kuwa zaman banza yake. Ta ce ya je ya kara su da zanen, ya gano wanda ya dace.

Nas ɗin da ke bakin ƙofa ta ce ba a shiga wurin likita sai da ciwo.

"To, haƙorina ke ciwo," in ji shi.

"Wanne?"

Ya nuna wani haka kawai.

Aka kwantar da shi a kujera. Likita ya leƙa, ya ce wanda ya nuna lafiyarsa ƙalau, amma maƙwabcinsa ya rube. Kafin ya yi bayani an danna masa allura. Yana kwance baki a wangale, ya zaro katunan daga aljihu, ya fara ɗaga su ɗaya-ɗaya yana kanne ido.

"Baba, me kake yi?"

"Aa-ee," ya amsa.

Likita ya waiga, ya dubi zanen, ya dubi katin. "Wannan ya yi haske. Ɗaga na ƙasansa."

"Haba Likita," in ji nas, "ai wancan koren motar asibiti ne."

Suka ajiye kayan aiki suna musu a kansa, shi yana kwance yawu na bin wuyansa.

Sau uku yana komawa. An cire ɗaya, an cike biyu, kati ko ɗaya bai dace ba. A zuwa na uku ne likita ya tausaya masa.

"Baba, haƙoranka na ƙarewa. Yayata ce ta yi zanen. Bari in ba ka lambarta."

Ranar da ba makaranta, mai zanen ta zo gidan da kanta: doguwar mata, fenti har a gilashin idonta. Malama ta tarbe ta da lemo, ta tambayi sunan koren.

"Kore? Ni ban taɓa sayen kore ba, ƙanwata. Shuɗi da rawaya nake haɗawa, in ɗiga ja kaɗan ya kwantar masa da hankali. Kullum kuma daban yake fitowa."

Baban yara ya taɓa kumatunsa.

Mai zanen ta ce a kawo bokitai ta haɗa musu. Ta haɗa, ta shafa layi ɗaya a bango don gwaji, Malama ta dafa ƙirji ta ce shi ne, wallahi shi ne. Sai dai mai zanen ba ta ajiye buroshi ba. Ta ce bango kore sumul ba shi da rai, bari ta ɗan ƙara duhu a lungu. Duhun ya zama bishiya. Bishiyar ta nemi ruwa.

"Yaya, ai ya isa haka," in ji Malama.

"Saura kaɗan."

Kafin la'asar tafki ya kai bakin taga, kuma kusa da talabijin ga wata ƙatuwar agwagwa, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Mai zanen ta wanke hannu, ta ce ba ta taɓa yin agwagwa ba sai yau, ta tafi tana murna.

Malama ta daɗe a tsaye. Koren dai ya yi, ko ita ba ta musa ba. Amma ta sa aka turo kabad aka rufe agwagwar.

Baban yara kuwa ya riga ya shaƙu da ita. Da Malama ta fita aiki sai ya ture kabad ɗin gefe, su kalli labarai tare. Wata rana ta dawo da wuri ta iske yana yi mata bayanin yadda ake yin ribas da bas. Ta tsaya a ƙofa da jaka a hannu, sannan ta ce in dai zai riƙa jan kabad, to ya riƙa share ƙurar bayansa.